Goron Gayya da Na Kai Tasha

Ƙarfe huɗu da minti ashirin na yamma, ranar Talata, tara ga watan azumi, Baba ya miƙo mini ƙullin goro biyu ya ce in kai. Na san lokacin daidai, domin ina ɗaure da agogon roba da aka ba ni kyauta a lakkol, wato makarantar boko, kuma a shekarun nan duk abin da ya faru sai na duba agogo na rubuta shi a kaye, littafin rubutuna. Shekarata goma sha huɗu. Ba na iya magana cikin mutane, muryata maƙalewa take yi, shi ya sa nake rubutu.

Bana na dawo Filinge hutun jami'a, na tarar damina ta yi irin halin da ta yi waccan shekarar. Ruwa ya sauka, ya ɗauke, aka sake shuka, sannan ya dawo da ƙarfi har haki ya fi hatsi tsawo. Shekaranjiya na ga wata mata ta wuce ƙofar gidanmu da goron gayya a faranti, tun daga lokacin ban iya buɗe littattafan da na zo da su ba. Shekara goma ke nan ina ɗauke da tambaya guda. Baba ya ga wanda ya harbe wana Hamidu. Ni ma na gan shi. Don me ya ce wa jandarma bai gani ba?

A waccan shekarar ruwan shuka ya sauka ana saura kwana arba'in azumi. Gonarmu tana kan hanyar Bonkuku, tafiyar awa ɗaya da kwata a ƙafa, jigawa ce mai farin rairayi. Baba da Hamidu suna gaba da sungumi suna sara, ni da Inna da ƙannena mata uku muna biye da ƙoƙon iri, mu zuba mu rufe da diddige. Kwana huɗu muka yi. Hatsi ya tsiro layi-layi, Baba ya tsaya bakin gona yana kallo, hannu a baya.

Daga nan kwana ashirin da shida ko ɗigo. Kullum la'asar hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin, mata su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi. Abin da take kawowa rairayi ne, yana yanke ɗan hatsin da ya tsiro yana binne shi. Wanda ya tsira ya nannaɗe kamar an murza shi, ya yi fari. An fita roƙon ruwa sau biyu da rana tsaka, manya sun juya rigunansu, muka dawo ƙasa na ƙona mana tafin ƙafa. A gida muka koma tuwo sau ɗaya. Da rana hura ce tsararo, wadda kana ganin gindin ludayi ta cikinta. Inna in ta shiga rumbu, abin da ya rage ba ya kai mata gwiwa.

Da ruwa ya dawo, ta sauko da zangarniyar iri ta ƙarshe da ta rataye a ɗaka, muka sake shuka. Wannan karon sama ta buɗe gaba ɗaya. Sau uku cikin kwana biyar, har katangar bayan gida ta zube, kwaɗi suka hana kowa jin kiran asuba. Tafasa ta fito a bayan gari, muka riƙa tsinko ganyenta muna yin kopto, a dafa a matse a zuba ɗan ƙuli-ƙuli da gishiri. Da shi muka shiga azumi, da shi muke sahur.

Ran biyu ga azumi jakinmu ya firgita da wata babbar mota a hanyar gona, amalanke ya kife, ƙafar Baba ta karye a ƙasan gwiwa. Maɗori ya ɗaure ta da kara ya ce kwana arba'in kada ta taɓa ƙasa. Gona ta koma kan Hamidu shi kaɗai, yana da shekara goma sha tara. Ya fita bayan asuba da hauyarsa mai doguwar ƙota, irin wadda ake turawa a tsaye, ya dawo kafin azahar leɓe a tsage, ya kwanta kan siminti ya jiƙa riga ya rufe fuska. Inda ya nome ranar Asabar, kafin Talata ya sake yin kore. Kowa ya san in aka ƙara mako guda haki zai shaƙe hatsin, kuma ba sauran iri a gidan. Shi ya sa Baba ya ce a kira gayya.

Sai in faɗi yadda samarin garinmu suke a lokacin. Kowace unguwa da fadarta: benci biyu, tabarma, butar shayi, karta. Ba wanda ya kafa su, ba wanda ya naɗa musu shugaba. Wanda ya fi ƙarfi ko ya fi sayen sukari, shi ake saurara. Yawancinsu an kore su daga lakkol ko sun gaji sun bari, aiki kuwa babu sai na damina. Fadar unguwarmu tana gindin wata kurna, ana ce musu ƴan Kurna, Hamidu yana cikinsu. Ta bakin tasha ƴan kabu-kabu ne masu ɗaukar mutane a babur, ana ce musu ƴan Tasha. Da farko gasar tasu ƙwallo ce da ɗaga ƙarfe mai gwangwanin siminti a kowane gefe. Sai ƙwayar tramol ta shigo. Sai aka yi faɗa a wani biki kan wanda zai riƙe filin rawa, aka fasa wa mutum kai. Daga nan titin kwalta ya zama iyaka. Ɗan Kurna ba ya tsallaka shi shi kaɗai, ƴan Tasha ba sa shigowa unguwarmu sai sun kai uku. Kowa da wuƙa a ƙugu. Hamidu ma yana da tasa, na gan ta ƙarƙashin katifarsa, ba zan wanke shi ba. Mata sun san wannan, ƴan lakkol sun sani. Dattawa su ce yara ne, za su girma.

Baba gayyar zamaninsu ya sani. Ana aika goro unguwa biyu, a raba gona biyu, a yi tsere. Waɗanda suka fara gama nasu su shiga ɓangaren ɗaya su taya su ƙarasawa, ana yi musu tsiya ana dariya, da yamma a ci nama a tire ɗaya. Ya ce abin da unguwa ɗaya za ta yi kwana biyu tana yi, unguwa biyu kafin rana ta take sun gama, don ba wanda yake so a shigar masa.

Hamidu yana tsugune gefen gadon Baba ya ce, "Baba, kak ka haɗa mu da ƴan Tasha gona guda. Wallahi ba a wanyewa lahiya."

"Kai, rufe mini baki. Gayya ce ko yaƙi? Mu da mutanen tasha munka yi noma tare tun ba a haihe ka ba. Lawali ba ɗan'uwanka ba ne? Uwarshi da uwarka kaka guda."

"Lawalin da ka sani ba shi ne ya dawo daga haƙar zinari ba."

"To mi ya koma, zaki?"

"Ni dai ba ni kai goron ga."

"Kak ka kai. Ina da ɗiya. Salamatu!"

Inna tana daka a tsakar gida. Taɓarya ta tsaya, sannan ta ci gaba.

Ƙullin farko ba wuya. Na kai gindin kurna, Sani abokin Hamidu ya karɓa ya ce in gaida Baba. Na biyu ne ya sa na tsaya bakin kwalta har motoci uku suka wuce kafin in tsallaka. Ƴan Tasha suna inuwar rumfar mai faci, azumi ya kwantar da su, wasu bisa baburansu. Ɗaya ya hango ni ya ce, "Ga Madam Kaye! Kin zo rubuta sunayenmu?" Suka yi dariya.

Lawali yana kwance a kan babur, kai bisa tanki. Tare suka yi firamare da Hamidu, ya sha cin tuwo a gidanmu. Wata biyu ke nan da dawowarsa daga arewa da sabon babur da baƙin tabarau.

"Ku bar ta, ƙanwata ce. Salamatu, mi anka aiko ki?"

Na ce Baba ya ce gayya jibi Alhamis. Sai da na faɗa sau biyu kafin ya ji.

"Su Hamidu za su?"

Na ɗaga kai.

Ya tashi zaune ya karɓi goron yana auna shi a tafin hannu. "Ce ma tsoho mun karɓa, Allah shi ba shi lahiya. Ce ma Hamidu shi wasa hauyarshi."

Da ya ɗaga hannu zai miƙa wa na bayansa ƙullin, rigarsa ta ɗage, na ga baƙin ƙarfe soke a ƙugunsa. Ba wuƙa ba ce. Na dawo gida na rubuta: ƙarfe biyar saura biyar, na ga bindiga a jikin Lawali. Na rufe kaye. Da aka sha ruwa na zauna kusa da Inna, na buɗe baki sau biyu, maganar ta ƙi fita. Wannan laifin nawa ne, kuma ban taɓa ɗora shi kan kowa ba.

Ranar Laraba muka yini daka. Inna ta fidda dami biyu daga rumbu, abin da zai kai mu kwana goma. Akuyarta guda ɗaya aka ɗaure don yanka.

Alhamis ƙarfe shida saura goma muka kama hanya. An ɗora Baba a amalanke, ƙafa bisa matashi, don ya rantse sai ya gani da idonsa. Aka ajiye shi gindin aduwa, tun da gawo ba ya da ganye da damina. Kawu Garba, ƙanen Inna, ya auna gonar da taku ya kafa sanda a tsakiya. Ƴan Kurna su goma sha huɗu ne. Ƴan Tasha suka iso bayan rabin awa, su goma sha ɗaya, suka jera babura a bakin gona.

Ba a kiɗa cikin azumi, ƙarar hauya kaɗai ake ji tana yanka ƙarƙashin rairayi. An yi ruwa ranar Laraba, da rana ta ɗaga sai ƙasa ta fara turiri, iska ta tsaya cak, warin ɗanyen haki ya cika hanci. Mu mata muna bin su da bokiti muna zuba musu ruwa a ka. Yawun bakinsu ya zama fari, yana maƙalewa a gefen leɓe.

Da farko tsiyar mai daɗi ce. Sani ya ɗaga murya ya ce, "Kai mai babur, wagga hauya ce ba babur ba, ba ta shan esansi, tura ta za ka yi!"

Wani ɗan Tasha ya ce, "Ku da kuke yini gindin kurna kamar awaki, ai dole ku san haki!"

Baba ya yi dariya har yana riƙe ƙafa. Tun faɗuwarsa ban ji dariyarsa ba. Ya dubi Kawu ya ce, "Ka gani ko? Haka muke yi."

Ƙarfe goma da minti talatin da biyar ƴan Kurna suka kai ƙarshen ɓangarensu. Ƴan Tasha da saura kamar kashi ɗaya cikin uku. Sun fi ƙaranci, sun makara, kuma hannunsu ya saba da kan babur. Baba ya ɗaga sandarsa daga gindin aduwa ya yi kira, "A shigar musu!"

Hamidu ya tsaya. Ya dubi Baba. Shi da kansa ya ce kada a haɗa su, ya san abin da shigar nan take nufi yanzu. Amma abokansa suna ihu suna kiran sunansa, sai ya saɓa hauya ya tsallake sandar Kawu. Gonar da faɗinta, bai ga layin da zai shiga ba sai na Lawali. Ya sa hauyarsa gaban ta Lawali ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Matsa, ɗan'uwa. Tahi inuwa ka taya mata riƙon bokiti."

Har yau in na tuna, shi ma ina jin haushinsa.

Lawali ya saki hauya. Kafin in ajiye bokiti, hauya ashirin sun tashi sama. Kawu ya faɗa tsakani yana ihu, "Azumi kuke! Ku ji tsoron Allah, azumi kuke!" Lawali ya cire tabarau ya goge da riga ya mayar. Ya juya. Suka tada babura suka ratsa ta cikin hatsin da aka nome, suna kwantar da shi. Ƴan Kurna ma suka zube a inuwa, ba wanda ya ƙara ɗaga hauya. Saurar gonar ta tsaya da hakinta.

Baba ya ce, "Za su huce. Da magariba za su zo cin nama, a sha ruwa tare a yi dariya."

Da yamma muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Tuwo, naman akuyar Inna, kunun tsamiya, hura mai kauri irin wadda rabonmu da ita tun rani. An fito da Baba an zaunar da shi a kujera bakin zaure. Ƴan Kurna sun yi wanka sun zauna, kowa ido kan ƙwarya, ana jiran ladan. Rana ta faɗi amma gari da haske, ana ganin ƙudan da ke bakin tire.

Ƙarfe bakwai da minti goma sha takwas babura uku suka shigo layinmu. Ina fitowa daga zaure da ƙwaryar hura, tsakanina da kujerar Baba bai fi taku biyu ba. Lawali ya sauko. Fuskarsa a buɗe take, ko tabarau babu.

Ya ce, "Baba, sannu da ƙafa. Mun zo cin rabonmu."

Baba ya ce, "Madalla. Ku zamna, ga tabarma."

Hamidu ya miƙe. Ban san ko tarbarsa zai yi ko tare shi ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Wani daga ƴan Kurna ya zaro gora daga ƙarƙashin tabarma. Lawali ya sa hannu a ƙugu. Harbi biyu. Na farko ya fasa katangar zaure sama da kan Baba, ƙasa ta zubo cikin hurar da nake riƙe. Na biyu ya sami Hamidu a ƙasan haƙarƙari. Ya zauna kamar wanda ya gaji, ya dubi rigarsa. Daidai nan ladan ya fara kira.

A babur ɗin maƙwabci aka ɗauke shi, Sani yana riƙe da shi ta baya. Bai kai gidan likita da rai ba.

Ranar Juma'a da hantsi aka rufe shi. Da aka sauko masallaci na ga liman da mai unguwa da Kawu da uban Lawali sun shiga wajen Baba, aka saki labule. Inna ma an kira ta. Minti hamsin suka yi. Mu muna tsakar gida da mata masu gaisuwa, kowace tana cewa sai haƙuri.

Asabar da safe jandarma biyu suka zo. Sun yi gaisuwa da ladabi, babban ya zauna ya buɗe takarda. Ina bayan ƙofa da kayena a hannu, na shirya shafin, na ja layi ƙarƙashin sunan. Ya tambayi Baba wa ya yi harbin.

Baba ya ce, "Magariba ce. Idona ba shi gani da kyau. Babura ne dai sunka zo, ban shaida kowa ba."

Mutumin da ya ce masa sannu da ƙafa. Mutumin da ya nuna wa tabarma. Na taka zan fita, wannan karon na ji muryar tana nan. Sai Inna ta damƙe mini wuyan hannu, ta ja ni ɗaka ta zaunar da ni kan gado, ta tsaya a bakin ƙofa har suka tafi. Ƴan Kurna su goma sha uku aka tambaya, duk suka ce ba su gani ba. Su nasu dalilin na gane shi: suna da abin ɓoyewa, kuma suna so su rama da hannunsu.

Washegari aka sa ni mota zuwa Baleyara wajen Gwaggo. A can na ƙarasa azumi, a can na yi salla. A bakin masu zuwa kasuwar Lahadi na ji ƴan Kurna sun ƙone babura biyu, sun tare wani ɗan Tasha sun sare masa hannu, wanda ko gayyar bai je ba. Lawali kuwa yana nan yana yawonsa. Ban dawo ba sai da za a koma lakkol. Na tarar an yi girbi, na ɗauka Kawu ne da ƴaƴansa. Ban sake taka gonar nan ba, kuma kowane babban hutu Baleyara ake tura ni.

Na yi tambaya. Ni da ba na magana, wannan tambayar na koyi yin ta. Kawu ya ce ƙaddara ce, kwanansa ne ya ƙare. Malaminmu na tarihi ya ce in bar wa manya, in kula da jarrabawa. Sani ya ce, "Mun yi abin da za mu yi," kamar hannun wancan bawan Allah ya dawo mini da wana. Baba na tambaye shi sau ɗaya, ina durƙushe, na ce, "Baba, ai ka gan shi." Ya dubi katanga ya ce, "Tahi ki yi karatunki."

Na tafi na yi karatuna. Daga ranar, tsakanina da shi gaisuwa ce. In durƙusa in ce ina kwana, ya ce lahiya lau, in tashi. In na ci jarrabawa Inna nake faɗa wa, ita ta faɗa masa. Shekara takwas haka. Da ya rasu bara waccan na zo daga Yamai na tarar da Lawali cikin masu ɗaukar makara. Yana da shago yanzu a bakin tasha, da mata da ƴaƴa, ana gaishe shi yana amsawa. Fadar Kurna ta watse, wasu sun tafi Libiya, wasu suna kaso kan wasu laifuffukan. Sabbin fadodi sun tashi a wurinsu, yaran da na sani suna rarrafe, kuma yanzu in aka ji harbi a gari ba wanda yake tambayar daga ina bindigar ta fito.

Jiya da hantsi Inna tana zaune tana tsinkar tafasa a faifai. An yi ruwa da asuba, tsakar gida duk caɓi. Na jawo kujera na zauna gabanta, na ɗauki reshe ina taya ta. Na ce, "Inna, yau sai kin gaya mini."

"Mi?"

"Kin sani."

"Salamatu, wanda ya mutu ya mutu."

"Biyu sunka mutu. Ɗaya an harbe shi gaban ubanshi, uban ya ce bai gani ba. Ɗayan ya tahi bai gaya mini dalili ba. Tsoron Lawali ya ji? Ko kunyar goron da ya aika? In tsoro ne ki ce mini tsoro ne, in san irin uban da na yi."

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai jiya. Ta ajiye faifan a ƙasa. Ta goge hannu da zane, ta dube ni, kuma ba kuka na gani a idonta ba.

"Kin gama? To saurara, tun da ke kika fi kowa son Hamidu. Ranar Juma'ar nan uban Lawali ya duƙa gaban ubanki ya ce shi zaɓa: ko a kai yaron kaso, ko shi da ɗanshi su ɗauki noman gonar. Ubanki ya ce kaso. Sau uku ya faɗa, yana dukan gado, ya ce ko da rarrafe sai ya je ya faɗi sunan. Ni na ce a'a. Da safiyar ranar na rufe ɗana, na dawo na leƙa rumbu, dami huɗu. Namiji guda a gidan yana kwance da karyayyar ƙafa, haki yana cin gona, ga ku huɗu. Lawali ya ƙarasa noman, ya yi maimai, ya yi girbi, damina uku yana yi. Tuwon da kika ci kika yi ta cin jarrabawarki, shi ya noma shi. Ubanki bai yafe mini ba har ya mutu, kuma ya hana ni gaya miki, ya ce gara ki ƙi shi da ki ƙi ni. Ni na sa shi ya ce bai gani ba. Kuma in aka maida ni ranar, haka zan sake cewa."